Farar Mota a Gindin Cediya

Akwai wani magidanci a wani gari, yana da wa mai sana'ar fentin mota. Wan nan shi ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Wan yana da wata mota wadda ya yi wa fenti da hannunsa, fara fat, in rana ta haska ta sai ka kare ido.

Ana nan sai aiki ya kira wan zuwa wata ƙasa mai nisa. Da zai tashi, ya kira ƙanensa ya danƙa masa makulli, ya ce, "Irimiya, ga motata amana a hannunka. Ka hau, ka kai iyalinka sujada, ka kai Mama asibiti in jikinta ya motsa. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka riƙa shigar da ita rumfar bayan gida. Kada ka bar ta a gindin cediyar ƙofar gida, gama jemagu suna cin 'ya'yanta."

Ƙanen ya ce, "To, Yaya. Da yardar Allah yadda ka bar ta haka za ka same ta."

Da fari ya kiyaye. Amma hanyar rumfar tana da matsi, sai an yi gaba an yi baya kafin a shiga, kuma in mota tana bayan gida, wa zai san kana da ita? Gindin cediya kuwa ga inuwa, ga masu wucewa suna cewa, "Sannu da hutawa, mai mota." Mutumin nan ya ji daɗin gaisuwar ƙwarai. Ya ce a ransa, kwana ɗaya dai ba zai kashe mota ba.

Da gari ya waye sai ga kashin jemage ɗigo-ɗigo a bonet da ƙofofi, ga kuma danƙon itace. Matarsa ta ce, "Baban Godiya, ka wanke tun yana ɗanye." Ya ce gobe. Goben nan kuwa ku ma kun san ta, ba ta cika zuwa ba. Rana ta gasa ƙazantar, jemagu suka ƙara wata a kai, har abin ya kama fenti ya zauna daram.

Ranar da ya ga dama ya ɗauko bokiti da sabulu da tsakar rana, ƙarfe ya yi zafi kamar tanda. Ya wanke, ya ɗauraye. Ƙura ta fita, tabo yana nan. Haushi ya kama shi. Ya shiga kicin ya ɗauko toka da soson ƙarfen da matarsa take kankare gindin tukunya, ya duƙa ya dirje iya ƙarfinsa. Da ruwa ya bushe sai ya ga tabon bai tafi ba, ga shi kuma ya kakkarce fentin da ke kewaye. 

Sai dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa daga sama. Ya tafi wurin masu sayar da sitika a bakin majami'a, ya kwaso da yawa. Duk inda tabo yake ya manna ɗaya a kai. Wannan ta ce, "Ni na Yesu ne." Waccan ta ce, "Gidana gidan albarka." Kafin ka ce me, mota ta cika da wa'azi gaba da baya.

Ran Lahadi mutane suka kewaye ta suna karantawa. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka riƙe Allah hannu bibbiyu. Da dukanmu haka muke, da garin nan ya tuba." Mutumin ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, ya ce, "Alherin Ubangiji ne, Baba." Zuciyarsa kuwa ba ta da salama ko kaɗan.

Bayan wani lokaci saƙo ya zo cewa wan yana kan hanya, zai iso ran Jumma'a da hantsi. Mutumin ya kasa cin abinci. Ba motar kaɗai yake ji ba. Yana tunanin yadda wanda ya rene shi zai dube shi, ya karɓe makulli, daga ranar kuma ba zai ƙara ba shi amanar ko allura ba.

Ya ce wa matarsa, "In ban ɓare sitikun ba, wataƙila ba zai lura ba."

Ta ce, "Baban Godiya, Yaya ne fa ya yi mata fenti. Ko ido a rufe ya shafa ta, zai san inda aka taɓa. Gara ya ji daga bakinka."

Ran Jumma'a da safe mutumin ya fito ƙofar gida, a gaban maƙwabtan da suke yabonsa, ya sa farce ya fara ɓare sitikun ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ƙasa ya fi yadda ya bar shi muni, gama zafi da gam sun haɗu da ƙazantar. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, waɗansu suna ƙus-ƙus. Kunya ta rufe shi, amma bai daina ba sai da ya ɓare ta ƙarshe.

Yana tsaye da tarin takardu a hannu sai ga wansa ya sauka, sanye da sabuwar farar riga. Ƙanen ya durƙusa ya ce, "Yaya, na ci amanarka. Inda ka hana, nan na ajiye ta. Na yi jinkirin wankewa, na dirje da soson tukunya, sa'an nan na rufe da sunan Allah don kada a gani. Ga makullinka."

Wan ya zagaya motar a hankali. Ya ce, "Shi ke nan duka?"

Ƙanen ya ce, "Akwai wani tabo a saman rufi. Ba a ganinsa sai an hau."

Wan ya ce, "Shi nake jira ka faɗa. Tashi mu tura ta inuwa."

Suka shigar da ita rumfa, suka bar ƙarfen ya huce. Wan bai ko canza riga ba. Ya sa aka ɗumama ruwa, ya jiƙa tsumma mai laushi, ya shimfiɗa a kan kowane tabo, ya bar shi ya jiƙu. Da ya ɗaga, abin da ya gagari soson ƙarfe ya biyo tsumma salin-alin. Danƙo da gam ya bi su da ɗan kananzir. Karce-karcen ya shafa musu man goge mota, yana murzawa a hankali har suka ɓace.

Saura ɗaya a bonet, wanda ya ci fenti har ya kai ƙarfe. Ƙanen ya ce, "Wannan kam ba shi da magani." Wan ya buɗe jakarsa ya fito da gwangwanin farin fenti, irin na motar sak. Ya ce, "Tun ina can na saya. Na san cediyar, na kuma san ƙanena." Ya kankare wurin, ya share, ya yi masa sabon fenti.

Washegari da la'asar suka fito da motar. Fara ƙal, sumul, ko wanda ya san inda tabon yake ya nema ya rasa. Rigar wan kuwa ta lalace, duk ta yi dabbare-dabbare. Maƙwabtan da suka yi ƙus-ƙus jiya suka taru suna tafi, matar ƙanen ta rangaɗa guɗa. Wan ya kama hannun ƙanensa a gaban kowa, ya sa masa makulli a tafi, ya ce, "Riƙe. Gobe kai za ka tuƙa mu sujada, ni da Mama a baya."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Motar ita ce ran da Allah ya ba ka amana, shi ya yi shi, ya san kowane saƙo nasa. Gindin cediya shi ne wurin nan da aka ce kada ka zauna, kai kuwa kana son inuwarsa. Ba sai na faɗa maka sunan wurin ba, ka san shi. Zunubi yana sauka ɗigo-ɗigo, in ya kwana ya sha rana sai ya kama.

Waɗansunmu muna dirjewa da ƙarfin kanmu, da rantsuwa da alkawarin ba zan ƙara ba, mu ƙare da rauni a kan tabo. Waɗansunmu kuma, a nan ne abin yake ba ni tsoro, muna rufewa da aikin ikkilisiya. Muna cikin mawaƙa, muna zumuntar mata, muna gaba-gaba a addu'a, ana yabonmu, abin yana ci a ƙasa. Aikin Ubangiji abu ne mai kyau, amma ba a ba mu shi don rufe ƙazanta ba.

Wan shi ne Yesu Almasihu. Ya zo da abin wankewa tun kafin ka buɗe baki, ya ɗauki ƙazantarmu a jikinsa domin mu fita fes. Abin da yake jira shi ne ka ɓare da hannunka, ka nuna masa duka, har da na saman rufi. Babu tabon da ya fi ƙarfinsa, ko wanda ya kai ƙarfe.

Ku yi murna fa, gama ba wankewa kaɗai yake yi ba. Mutum in ka ci amanarsa, ko ya yafe, da wuya ya sake miƙo maka hannu. Ubangijinmu kuwa yana wanke mai laifi, ya tashe shi tsaye a gaban waɗanda suka ga kunyarsa, ya sake ba shi aiki. Wanda ya shigo nan yau yana cewa Allah ya gama da shi, ya koma gida da kai a ɗage. Bai gama da kai ba. Amin.