Nomau da Ruwan Gangare

Ga ta nan, ga ta nanku. A'a, haka ake amsawa, kamar waɗanda suka wuni ba su ci ba? Yauwa, ta zo mu ji ta, yanzu na ji magana. Amma ku sani, wannan ba tatsuniyar namun dawa ba ce, labarin mutum ne irinmu. Ke Lantana, ajiye faifan nan ki matso kusa.

An yi wani mutum a wani gari, can a zamanin da, ana ce masa Nomau. Wani bawan Allah ne, ba malami ba, ba attajiri ba. Manomi ne kawai, daga shi sai garmarsa, sai matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

Garin nasu a jikin wani dogon tudu yake. Tudun nan kamar gadon bayan jaki. Ruwan saman da ya sauka a wancan gefe sai ya tafi wajen waɗansu mutane, ya shiga nasu rafin, ba a ƙara ganinsa. Wanda ya sauka a wannan gefe kuwa, ko ɗigo ne, sai ya bi ta gonakin garin ya gangara, ya je ya haɗu da 'yan'uwansa a rafi guda can ƙasa. Kamar dai ki zuba ruwa a bakin ƙwarya: ko ta ina kika zuba, a gindi zai taru.

To, ku saurara. Gonar Nomau a tsakiyar gangaren take. A samansa akwai gonar wani mutum, Shekarau. A ƙasansa kuma akwai gonar Jatau, shi har gidansa da rumbunsa suna nan gindin gangaren, ginin ƙasa. Jatau ɗin nan mutum ne mai kaifin baki. In ka gaishe shi, sai ya amsa kamar ka taka masa ƙafa. Awakinsa sun sha cinye wa Nomau wake, in an yi magana ya ce ai akuya ba ta san iyaka ba.

Ita ƙasa, 'ya'yana, iri-iri ce kamar mutane. Akwai jigawa mai rairayi, wadda ke shanye ruwa nan take, amma ba ta iya riƙe shi, rana na bugawa ta bushe. Akwai laka, mai sha a hankali kamar tsohuwa da kokon kunu mai zafi, amma in ta sha sai ta riƙe, har ta hana shuka numfashi. Sannan akwai fako, ƙasar da ta tsufa ta ƙeƙashe, ta yi ɓawo a sama. Ita wannan ba ta sha ko kaɗan. Ruwa na faɗo mata sai ya zame ya wuce, kamar an zuba shi a bayan faranti.

Gonar Shekarau ta zama fako, don ya sare itatuwanta, kuma kowace kaka sai ya kwashe kara kaf, ya bar ƙasa tsirara. Ta Nomau kuwa samanta jigawa ne, gindinta laka.

Al'adar garin nan, in za a yi huɗa, sai a bi gangare da ita, daga sama zuwa ƙasa, don ruwa ya samu hanya ya fita da sauri. Kowa kuma ya yanka lambatu a bakin gonarsa, ya juya shi wajen na ƙasa da shi. Haka suka taras ana yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Da can da akwai itatuwa da ciyawa a kan tudu, ruwan ba ya da ƙarfi, abin bai dami kowa ba. Amma da saman ya ƙeƙashe, sai ruwa ya fara zuwa da fushi, jajawur, ɗauke da ƙasar mutane.

Wata damina, tun ruwan farko, lambatun Shekarau ya ci gonar Nomau, ya buɗe rami har gwiwa. Nomau ya hau sama ya same shi yana hutawa a gindin wata 'yar aduwa da ta rage.

Ya ce, "Shekarau, barka da hutawa. Ruwanka fa yana cin gonata."

Shekarau ya yi dariya ya ce, "Ruwana? Yaushe na haƙa rijiya a sama? Na Allah ne, Malam Nomau. Ni na tura maka, kai ka tura wa Jatau, Jatau ya tura wa rafi. Magana ta ƙare."

Nomau ya ce, "To ai kafin ya kai rafi, sai ya bi ta gindin rumbun Jatau."

"Sai me? Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa? Bari ruwa ya gaishe shi, mu ga ko zai amsa."

Nomau ya juya ya sauko. Maimakon ya yanka lambatu, sai ya tara ƙasa ya yi ganuwa a iyakarsa ta ƙasa, tsakaninsa da Jatau.

Aka shiga marka. Geron Nomau ya yi kyau, ya kai ƙugu, kore shar. Rannan da hantsi hadari ya haɗu daga gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nomau ya ɗauki garma ya nufi gona, Tabawa ta yafa buhu a ka ta bi shi. Suka taras ruwan da ya sauko daga fakon Shekarau ya taru a gindin gonarsu, wajen lakar nan, ya zama tafki, gero na tsaye a ciki. Ganuwar ce kaɗai ta riƙe shi.

Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawar take. Sara ɗaya da garma, ganuwa ta buɗe, ruwa ya fice, gero ya tsira. Kuma ba wanda zai zarge shi, don haka kowa ke yi.

Tabawa ta ce, "Malam, sara mana! Gero ba shinkafa ba ne, in ya kwana cikin ruwan nan ya tafi."

Nomau ya tsaya a kan ganuwar ya leƙa ƙasa. Ga rumbun Jatau, ga katangar gidansa ta jiƙe ta yi duhu, ga matar Jatau tana ta kwalfar ruwa daga ƙofar ɗaki da ƙwarya.

Ya ce, "Tabawa, in na sara, rumbun can ba zai kai la'asar ba."

Ta ce, "Mu kuma namu rumbun fa? Me za mu zuba a ciki, haƙuri? Shi in shi ne a nan, kana jin zai tsaya tunani?"

Ya ce, "Ban san abin da zai yi ba. Abin da zan yi ne aka tambaye ni. Ruwan nan a gonata ya sauka baƙo, ba zan kore shi zuwa ɗakin mutum ba."

Maimakon sara, sai ya shiga ɗibar laka yana ƙara wa ganuwar tsawo. Tabawa ta tsaya tana kallonsa, ruwa na dukanta. Can ta yi tsaki ta ce, "Ni dai na auri wahala." Ta jefar da buhun, ta durƙusa, ta shiga miƙo masa laka da hannu bibbiyu.

Rumbun Jatau bai faɗi ba. Geron Nomau na gindin gona kuwa, laka ta riƙe ruwan ta ƙi saki, ya yi rawaya, ya kwanta, ya ruɓe. Kada ku ce zan gaya muku da safe ya tashi ya ga gero ya farfaɗo. A'a. Ya mutu murus. Shekarar nan gidan Nomau sun ci kwaɗon rama da tafasa fiye da tuwo. Jatau kuwa bai ma san an yi ba. Da suka haɗu a kasuwa cewa ya yi, "Nomau, na ji ka koma kiwon kwaɗi a gona."

Nomau ya ce, "Ai kuwa sun yi ƙiba, Jatau."

Amma fa haƙurin bawan Allah ba zama ne a naɗe hannu ba. Nomau ya zauna ya yi tunani: ruwan nan ba mugu ba ne, gudu ne ya yi masa yawa. In an hana shi gudu tun daga sama, ƙasa za ta samu sukunin sha. Da rani ya yi, sai ya shiga tsintar duwatsu yana jera su layi-layi a gicciye, suna tare gangare. Ya cusa kara da ƙaya a ramin da ruwa ya ci. Ya dasa gamba a bayan duwatsun. Karan gonarsa ya bar shi kwance a ƙasa, bai kwashe ba. Sannan ya je wajen Shekarau ya roƙi izinin taɓa gefen fakon nan da ya riga ya watsar.

Shekarau ya ce, "Fakon? Ɗauka, in ka samu ko ƙaiƙayi ka kawo mini in gani."

Nomau ya dinga haƙa 'yan ramuka a fakon, yana zuba taki a ciki. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo ta huda ƙasa, ta yi hanyoyinta a ciki. Ita abincinta take nema, ba ta san tana buɗe wa ruwa ƙofa ba.

Da lokacin huɗa ya zo, sai ya yi abin da ya sa garin duka dariya: ya gicciya huɗarsa, ta tare gangare maimakon ta bi shi. Masu wucewa suna cewa, "Nomau, garmar ce ta karkace ko idon?" Shi kuwa sai ya ɗago ya ce, "Duka biyun, ku yi mana addu'a."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ruwa in ya sauko da gudunsa, sai ya ci karo da rami ya faɗa, ya ci karo da dutse ya tsaya, ya ci karo da gamba ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Kowane kwarin huɗa ya riƙe nasa rabon har ƙasa ta shanye. Ramin nan da lambatun Shekarau ya ci ya cike da kansa. Jigawar da a da take bushewa da wuri ta yi duhu saboda ruɓaɓɓen kara, ta fara riƙe laima. Gindin gonar mai laka kuma Nomau ya daina sa masa gero, ya koma sa dawa, har da 'yar shinkafa a inda ruwa ke kwanciya.

To, ina ruwan da ƙasa ta sha yake tafiya? Ba ɓacewa yake yi ba. Gangarawa yake yi ta ƙarƙashi, a hankali a hankali, yana bin tsakanin rairayi, tafiyar da a sama yake yi kafin a sha fura, a ƙasa sai ya yi watanni yana yin ta. Ina kuma zai ɓullo? A gindin gangare. Gonar wa ke nan? Ta Jatau.

Wani rani sai ga Jatau ya hau gangare yana huci. Ya ce, "Nomau, tun da ka fara haukan duwatsun nan, ruwa ya daina sauko mini da damina. Ka tare mini rabona!"

Nomau ya ce, "Ka yi haƙuri, Jatau. Ban riƙe shi ba, hanya kawai ya sake."

Jatau ya sauka yana ta faɗa. Ba a jima ba matarsa ta je haƙar ƙasar shafe a bayan gida, ta ga wurin da danshi, alhali ko'ina ya bushe ƙamas. Jatau ya haƙa kaɗan, bai kai tsayinsa ba, sai ga ruwa yana tsattsafowa, garau, mai sanyi. Ya kafa lambu a wurin, albasa da rake. Kafin ka ce me, Jatau ya zama mai jakuna.

Tabawa ta ce wa mijinta, "Ka gani ko? Kai da ɗaukar duwatsu, shi da cin albasa. Ka je ka gaya masa daga ina ruwan yake."

Nomau ya ce, "In gaya masa don ya yi me? Rumbunmu a cike yake, nasa a tsaye. Kin taɓa jin ƙasa ta bi shuka tana cewa a gode mata?"

Amma Jatau bakinsa ne mai kaifi, ba wawa ba ne. Ya ga rijiyoyin mutanen da ke gindin sauran gangaren sun ƙafe, tasa ba ta ƙafe ba. Ya ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa. Rannan da yamma sai ga shi a ƙofar gidan Nomau da jaki, an ɗora masa mangala cike da albasa. Ya sauke ta, ya ƙi haɗa ido da kowa.

Ya ce, "Sun yi mini yawa ne, za su ruɓe."

Nomau ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara albarka."

Jatau ya juya zai tafi, ya tsaya, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Duwatsun nan naka, akwai inda ya rage ba a jera ba? Jakunan nan zaman banza suke yi da safe."

Daga cikin gida Tabawa ta ɗaga murya ta ce, "Akwai, Malam Jatau! Fakon Shekarau ko rabi ba a kai ba!"

To 'ya'yana, kun ji. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: duk wanda ke zaune a duniya, akwai na sama da shi, akwai na ƙasa da shi. Abin da na sama ya turo maka, ba kai ka zaɓa ba. Amma abin da za ka tura wa na ƙasa, wannan naka ne, kuma za a tambaye ka. Malamai sun gaya mana haƙƙin maƙwabci nauyi gare shi, ba su kuma ce sai maƙwabci mai fara'a ba. Ke da kike kwara ruwan wanke-wanke ta rariya ya je ya kwanta a ƙofar maƙwabciyarki, da ke nake. Kai da ke cika kwata da shara don ruwa ya kwashe ya kai unguwar ƙasa, da kai nake. Har wanda aka ɓata wa rai a kasuwa ya zo gida ya sauke a kan iyalinsa, shi ma lambatu ya yanka. Ku tare abin a wajenku, ku bar shi ya huce ya nutse, Allah ya san inda zai ɓullo da alherinsa.

Su kuwa mutanen nan, Shekarau ya tsufa a gidan ɗansa, fakonsa ya koma gona a hannun jikokinsa. Jatau bai daina faɗa ba har ya mutu, amma kowane rani jakunansa suna kan gangare suna jigilar duwatsu. Mutanen garin sannu a hankali suka gicciya huɗarsu. Nomau da Tabawa ba su yi dukiya ba, ba su kuma ƙara kwana da yunwa ba, suka tsufa tare a gidansu, aka binne su a garin.