Kwalbar da Habsatou Ta Zata Lemon Inabi Ce

Akwai wata mata 'yar Maradi mai suna Habsatou, tana dafa abincin sayarwa a wani ɗan ɗaki a unguwar Baiyun, cikin birnin Guangzhou na ƙasar China. Tun da mijinta ya rasu ba ta da kowa a garin. 'Yan kasuwa su ci, su wanke hannu, su tafi, ta zauna ita da tukwane.

Wata tsohuwar 'yar China a maƙwabta ce kaɗai ke yi mata murmushi. Ran nan ta kawo mata kyautar kwalba, ruwan cikinta launin hoda, ta nuna mata da hannu cewa a nama ake zubawa. Habsatou ta lasa, ta ji zaƙi zau, ta zaci lemon inabi ne.

Ta gwada a dahuwar kaza. Ai kuwa sai ɗaki ya fara cika. Wata biyu tana sayen irin kwalbar.

Rannan Ghali, wani Bakano mai yi wa 'yan kasuwa tafinta, ya hango kwalbar. Ya karanta, ya rage murya.

"Hajiya, giyar inabi ce wannan. Zaƙin ne ya ɓoye miki ita. Wasu ƙasashen har doka suka sa a kan sukarin da ake zuba mata."

Habsatou ta ce, "Innalillahi! Ni na ciyar da Musulmi wannan?"

"Ba ki sani ba ai. Ki zubar, ki yi shiru, ni ma ban gani ba."

"Zan zubar. Amma shirun ne ba zan iya ba, Malam Ghali. Cikinsu ne, haƙƙinsu ne su sani."

Washegari ta tsaya gaban masu cin abinci, ta faɗi komai, ta nemi gafara. Wani ya ture kwano ya fita. Sauran suka bi shi.

Mako uku ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Takan dafa shinkafa, ta shimfiɗa leda, ta yi ta sauraren takun matakala, sannan ta ci ita kaɗai. Har ta fara tambayar kuɗin jirgin komawa gida.

Ana gobe azumi, sai ga Alhaji Maidaji, dattijon 'yan kasuwar Yamai, da mutum shida.

"Ɗiyata, mun zagaya garin nan muna neman inda za mu sha ruwa da kwanciyar rai. Ko'ina aka ce mana halal ne. Ke kaɗai muka taɓa ji kin tona asirin kanki ba wanda ya tilasta ki. Ɗora mana tukunya."

Habsatou ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi, ta kunna wuta.

Darasi: Kuskuren rashin sani ba ya zubar da mutunci, ɓoye shi bayan an sani ne ke zubarwa. Gaskiya takan bar mutum shi kaɗai na ɗan lokaci, amma ba ta yasar da shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda ke neman halal a ƙasar wasu.