Yadda Tabarmar Barau Ta Zama Guntuwa

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. A ɓoye nake yi a bayan littafin bayoloji, don ƙannena.

Dalilin da ya sa kuromosom ɗin maza, wato ƙwayar gadon da ake ce wa Y, ya fi abokin zamansa X ƙanƙanta, ga shi.

A cikin jikin dabba akwai wani gida, mutanensa bibbiyu suke zama, kowa da tabarmarsa. A jikin tabarmar aka saƙa gadon da za a ba jariri, kalar gashi, tsawon kunne, komai. Al'adar gidan kuwa, kafin a aika wa jariri, kowane biyu sai su shimfiɗa tabarminsu gefe da gefe su yi musayar kaba. Inda gara ta ci wa wani, ɗan'uwansa ya toshe masa.

Da can Ladingo, wato X, da ƙanenta Barau, wato Y, tabarminsu tsayi ɗaya ne. Rannan Barau ya ga wata jar kaba a tasa. Duk jaririn da ya same ta, namiji yake zama.

Ranar musaya Ladingo ta shimfiɗa tata.

"Barau, kawo mana, rana na yi."

"Yaya, ni na daina."

"Ka daina? Kai da ko ƙulli ba ka iya ba?"

"In muka yi musaya, jar kabar nan yau tana wajenki, gobe tana wajena. Sai a kasa gane namiji da mace."

Can ta ce, "Gaskiyarka. To in gara ta ci, wa zai toshe maka?"

"Zan lallaɓa."

Ya nannaɗe abarsa, bakinta kawai ya bari ya taɓa ta yayarsa.

Ita Ladingo, a jikin mace takan haɗu da irinta su gyara wa juna. Barau ba shi da kowa. Gara ta ci, ya yanke wurin. Danshi ya ruɓar, ya yanke. Shekaru suka yi ta tafiya. Wata rana ta leƙo ta same shi zaune kan ɗan guntu, ƙafafunsa a ƙasa.

"Ƙanena, kawo, ko yanzu ne."

Ya shimfiɗa. Suka gwada, ashe saƙar ta riga ta bambanta, babu inda kabarta za ta shiga. Ta fashe da kuka. Shi kuwa ya sunkuya ya duba jar kabar. Tana nan.

Shi ya sa har yau sauran suna nan daidai da abokan zamansu, Y kuwa guntu ne, shi da X baki kawai suke taɓawa. Malamar bayoloji ta ce a jikin kaji tabarmar macen ce ta ƙanƙance, amma Inna na kira, wai tukunya ta tafasa.