Tasalla da Hankakan Bakin Rafi

Ku matso kusa, a bar wasan nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

An yi wata yarinya mai suna Tasalla, tana da ƙanwa, Dela. Wata rana da damina uwarsu ta aike su rafi wanke-wanke. Ashe an tafka ruwa can gabas. Suna cikin wanki sai ga ambaliya ta taho, ja wur. Tasalla ta kama saiwar kanya da hannu ɗaya, ta riƙe Dela da ɗayan. Ruwa ya ja, ta riƙe. Ya sake ja, ta riƙe. A ja na uku hannun Dela ya suɓuce.

Masunta suka fid da Tasalla. Kwana uku ana neman Dela, ba a gan ta ba.

Tun daga ranar Tasalla ba ta ƙara taka hanyar rafi ba. Hadari na haɗowa sai ta shige bayan randa ta toshe kunnuwa. Zancen hannun nan kuwa ba ta gaya wa kowa ba.

To, ashe Hankaka yana kan kanyar, ya ga komai. Ran nan tana shan fura a bayan ɗaki sai ya sauko.

Ya ce, "Tasalla, Tasalla, ina kan kanya. Na ga hannun da ya saki. Ba ni, ko in gaya wa Innarki."

Ta miƙa masa furar.

Washegari ta ɗauki tuwonta, ya sauko. "Tasalla, Tasalla, ina kan kanya. Na ga hannun da ya saki."

Ta miƙa masa tuwon.

Haka aka yi ta yi har damina ta zagayo. Hankaka ya yi ƙiba, yana sheƙi. Tasalla ta rame, wuya duk ƙashi. In uwar ta ce, "Kin ƙoshi?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ƙoshi."

Rannan Hankaka ya tarar da ita riƙe da 'yar tsanar kara da Dela ta bari.

Ya ce, "Ba ni wannan, zan gyara sheƙata."

Ta ce, "Ka ci furata, ka ci tuwona. Wannan ta Dela ce."

"To, zan faɗa."

Ta ce, "Bari, ni zan faɗa."

Ta sami uwar tana tuƙa tuwo, ta durƙusa. "Inna, ina riƙe da Dela. A hannuna take. Ni na sake ta."

Uwar ta ajiye muciya. Ta kama hannun yarinyar, ta ɗora a kan tafinta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Da wannan ɗan hannun? Ruwan da ya tumɓuke giginya? Tasalla, ni na aike ku, alhali na ga hadari a gabas. Shekara guda ina ganin kina ramewa, na zaci abincina kike ƙi don kin riƙe ni a zuci."

Suka rungume juna, suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar.

Sai ga Hankaka a kan katanga. "Ina kan kanya, na ga..."

Uwar ta ce, "Kana kan kanya, da fukafukai, da murya. Wa ka kira?"

Ta wurga masa muciya, ta karya masa fiffike. Tun daga nan a juji yake kiwo.

Tsoron ruwa bai bar Tasalla nan da nan ba. Amma in hadari ya taso, ita da uwarta suke zama a bakin ƙofa, har ya wuce.

Yara, in abu ya yi muku nauyi a zuciya, ku gaya wa wanda yake ƙaunarku. Wataƙila shi ma yana ɗauke da irinsa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.