Ranar da Fayil ɗin Masu Ba da Jini Ya Koma Suna Ɗaya

Akwai wani ma'aikaci a sashen ajiyar jini na wani asibiti, ana kiransa Injiniya. Wata uku ya yi yana koyon Python, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, tun daga nan ba ya jin shawarar kowa.

Teburinsa na fuskantar na sakatariya, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Anti. Ita ke kula da fayil ɗin masu ba da jini a kwamfuta: suna, rukunin jini, lambar waya. Mutum dubu da ɗari huɗu. Kullum da safe, kafin ta ajiye jaka, sai ta kwafi fayil ɗin a filasha, ta sa masa kwanan wata.

"Anti, wannan tarin kwafin gado za ki bar wa jikoki?" in ji Injiniya.

"Haka aka koya mana," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Wata Talata ya rubuta ɗan shiri da zai riƙa ƙara sabon suna a fayil ɗin. Anti ta ce ya fara gwadawa a kan kwafi. Ya yi dariya.

"Layi shida ne fa, Anti."

Ana buɗe fayil don karantawa, ko don ƙari a ƙarshensa, ko don sabon rubutu. Na ukun nan yana share duk abin da ke ciki da zarar an buɗe, ba tambaya, ba gargaɗi. Shi ne kuwa Injiniya ya zaɓa bisa kuskure.

Shirin ya yi aiki lafiya lau. Da ya duba fayil ɗin, suna ɗaya ya gani, wanda ya ƙara.

Nan take sai nas ta leƙo daga ɗakin haihuwa. Wata mata tana zubar da jini, rukuninta mai wuyar samu ne, kuma ledar jini ta ƙarshe aka ɗaura mata. A kira masu irinsa yanzu-yanzu.



Anti ta zaro filasha, ta buɗe kwafin safiyar ranar. Mutum bakwai ke da rukunin. Na uku ya ɗaga waya, ya iso cikin rabin awa. Matar ta rayu.

Anti ba ta kai ƙararsa ba. Ta ajiye filashar a gabansa.

"Mayar da sunayen, ɗana. Amma kwafa tukuna. Gadon jikokina ne."

Darasi: Kada ka gwada sabon iliminka a kan abin da ba shi da kwafi, kuma kada ka raina ɗabi'ar wanda ya riga ka a aiki don ba ka san dalilinta ba. Ku tura wa wanda ya fara koyon rubuta shiri.