Masaukin Kan Dutse da Sandar Madugu

Ku matso ku ji wata, in na gama kuwa sai kun yanke hukunci.

Madugu Anaruwa ya tsufa yana kai gishiri da kanwa ƙasar duwatsu a kan jakuna. Da gwiwa ta fara gazawa, ya kira 'ya'yan ƙannensa uku, Shekarau da Nomau da Jatau, ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, kuma wanda ya fi iya zaɓen masauki shi zai karɓi sandarsa ya ja ayari. Tun daga ranar kowa ke kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

A zangon farko suka iske wani kwari mai ciyawa da rairayi mai laushi. Kowa ya fara sauke kaya. Shekarau ya ɗaga kai, ya ga busasshen yayi maƙale a rassan itatuwa, sama da tsayin mutum. Ya ce ruwa ne ya ajiye shi can. Ya tilasta musu hawa tudu, suka kwana kan tsakuwa. Da gari ya waye, kwarin ya zama kogi, alhali ko ɗigo bai sauka a kansu ba, can saman duwatsu aka yi ruwan. Madugu ya sa masa albarka. Jatau ya ce, “To, sannu malamin rassa.”

A zango na gaba, can ƙololuwar dutse, suka iske wani gari. Nomau ya ƙi yarda a kafa bukka a bayan gari. Ya ɗauki gishiri ya je gaida mai gari, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar shanu da ta iyali. Mai gari ya ji daɗi, ya ba su ɗakin dutse mai ƙofa guda, babu taga. Da yake matafiyan mutanen ƙasar zafi ne, sanyi ya gigita su. Shekarau, don kada Nomau ya kwashe yabo shi kaɗai, ya cika kasko da gawayi ya hura, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Jatau kuwa haushi ya hana shi shiga. Ya ce, “Kawu, ɗakin 'yan gaban goshi ne. Ni da jakuna ma kwana waje.” Da asuba ya yi kira, shiru. Ya buga ƙofa, shiru. Ya sa kafaɗa ya ɓalle ta, ya jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin gawayi ya sumar da su.

Samarin suka farfaɗo, tsoho bai farfaɗo ba. Mai gari ya ce kawun baƙon da ya gaishe shi da mutunci ba zai mutu a gidansa ba. Ya tara majiya ƙarfi, suka ɗauki Madugu a makara ta wata ɓoyayyar hanya da baƙo bai sani ba, har wurin mai magani a gindin dutse. Ya rayu.

Da suka dawo gida, gardama ta kaure. Shekarau ya ce ba don shi ba da ruwa ya cinye su; aka tuna masa wanda ya hura gawayi. Nomau ya ce gaisuwarsa ce ta sauko da tsoho. Aka tuna masa wanda ya karɓi ɗaki marar taga. Jatau ya ce kafaɗarsa ce ta ɓalle ƙofa. Suka ce ai baƙin ciki ne ya kwantar da shi waje, kuma bai taɓa zaɓen masauki ko ɗaya ba.

Madugu na zaune da sanda a cinya, ya rasa hannun da zai miƙa wa.

To, ku da kuka ji, wa ya kamata ya riƙe ta?