Marka da Igiyar Tafkin Kuwwa

A zamanin da gulbi ya ƙafe shekara uku a jere, wasu Sarkawa masunta suka ɗora jiragensu a ka, suka nausa gabas har suka iske wani tafki da ba a hango gaɓarsa ta ƙetare. Suka sa masa suna Kuwwa, domin da rana ta karkata sai iska ta taso daga gabas tana kuwwa a cikin ciyayin bakin ruwa, raƙuman ruwa kuma su kai tsayin mutum. Tarwaɗar tafkin kuwa ba irin ta gulbi ba ce. Tsofaffi sun ce akwai wadda gashin bakinta ya kai kaurin kara.

Mutanen nan sun zo da wata al'ada daga gulbi. Masunci yakan ɗaura igiyar ƙugiyarsa a ƙugunsa, ya ja da kifi jiki da jiki. Wanda ya yanke igiya don tsoro ya zubar da sunan gidansu, ba a ba shi mata, ba a kuma zama da shi a tabarma ɗaya. A gulbi al'adar ba ta cin kowa, domin gaɓa kusa take. A Kuwwa, kafin damina biyu ta ci maza goma sha ɗaya.

Cikin waɗanda ta ci har da mijin Marka, macen da ta yi shekara ashirin tana tuƙa masa jirgi. Marka, kainuwa mai tafiya da iska, uwar da ruwa bai ba ta tsoro ba! Ɗa ɗaya gare ta, Korau, magidanci, matarsa kuma na da ciki. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba, don alkunya. Maza sun yi ƙaranci, sai ta ɗauki filafili ta zama matuƙiyarsa.

Wata rana da hantsi ƙugiyar Korau ta kama, igiya ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Kifin ya yi ta jan jirgi zuwa tsakiyar tafki har rana ta karkata. Marka ta ga ruwan gabas ya yi baƙi, ta san abin da ke tafe. Iska ta daki jirgin a gefe, kifi na ja ta ɗaya gefen, ruwa ya fara shigowa.

Ta ce, "Kai wannan, saki."

Ya ce, "Inna, tuƙa kawai. Da wace fuska zan shiga gari?"

Igiya ta riga ta ci naman ƙugunsa, jini na bin cinyarsa, rabin jikinsa yana wajen jirgi. Marka ta ajiye filafili, ta zaro wuƙar gyaran kifi, ta yanke igiyar. Suka iso gaɓa da ransu.

Amma jirage biyu sun ga abin da ya faru. Kafin magariba labari ya gama gari. Washegari da Korau ya nufi inuwar da maza ke gyaran ƙugiya, aka naɗe tabarma. Wani ya ce, "Korau, yau Inna ta yaye ka, ko da saura?" Aka bushe da dariya. Surukinsa ya aiko a mayar masa da 'yarsa ta haihu a gidan da ba a yanke igiya.

Kwana huɗu Korau bai ci abinci ba. A na biyar ya fita shi kaɗai, ya ɗaura igiya riɓi biyu, ya bar wuƙarsa a ƙofar ɗakin uwarsa. Da azahar iska ta taso kamar kullum. Da la'asar jirgin ya dawo a kife.

Marka ta yi kwana uku tana bin gaɓa. A na ukun ta same shi ba rai, yana yawo a kan ruwa, igiya na nan a ƙugunsa. Da ta ja, sai ta ji nauyi a ɗaya bakin. Tarwaɗar ce, tsawonta ya fi na jirgi, tsohuwar ƙugiyar da aka yanke tana maƙale a leɓenta. Tana da rai, amma ta gaji ƙwarai, har mace ɗaya ta jawo ta gaɓa ba ta yi gardama ba.

Gari ya taru. Sarkin Ruwa, wanda shi ne babban masunta, ya dubi ƙullin igiyar, ya ɗaga murya da kirari: "Namiji, ka mutu ba ka yanke ba! Ka wanke gidan ubanka!"

Marka ta miƙe daga gefen gawar ta ce, "Ranka ya daɗe, riƙe kirarinka. Korau nake so." Wannan ne karo na farko da aka ji sunan a bakinta, kuma mata suka rufe fuskokinsu. Sa'an nan ta nuna kifin ta ce, "Ba ƙarfinsa ne ya kama wannan ba. Gawarsa ce ta gajiyar da shi, don ta ƙi nutsewa. Abin da gawa ta yi, gora ma zai yi. Maza goma sha biyu kuka ba ruwa a kan aikin gora."

Ba wanda ya yarda da maganarta. Bayan kwana arba'in ta ɗauki matar Korau da zawarawa shida, suka koma gaɓar arewa, suka kafa bukkoki. Can ta fara ɗaura igiya a wuyan babban gora. In kifi ya kama, sai a jefa goran a ruwa, a koma gida kafin iska. Washegari a bi gora, a ɗauko kifin da ya gama gajiya. Shekara ba ta zagayo ba sai da bandar kifinsu ta kai kasuwanni masu nisa, maza kuma suka fara ƙaurowa ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye.

Wurin shi ne Tungar Marka. Har yau akwai marasa sanin tarihi da ke kiran mutanenta jikokin mai yanke igiya, suna nufin zagi. Sai dai a tambaye su ina garin da ba a yanke igiya. Kufai ne a gaɓar yamma, babu abin da ya rage sai kaburbura. A Tungar Marka kuwa, ranar da namiji zai fara fita su a jirginsa, uwarsa ce ke raka shi bakin ruwa. Ta miƙa masa wuƙa, ta kwance duk abin da ke ɗaure a ƙugunsa, sa'an nan, ko da ɗan fari ne, ta kira sunansa sau ɗaya da ƙarfi, yana raye yana ji.